Ranar da Muka Kwashe Ɗakin Tsoho a Amalanke

Shekara ashirin da biyu na yi ina riƙe da layin motoci a tasha, ɓangaren masu zuwa Tebaram da Affala. Aikina shi ne in ce wannan mota ta yi lodi, waccan ta jira. Ban yi nisa a lakkwal ba, wato makarantar boko, amma na fita da abu guda wanda ya riƙe ni har na ajiye aiki: kowane abu yana da na farko, yana da na biyu, kuma wanda ya tsallake na farko zai dawo ya same shi yana jiransa. A unguwarmu an san ni da haka. In ana rabon naman suna, ni ake kira. In yara suka cunkushe a bakin famfo, muryata kawai ta isa.

Shi ya sa da ruwa ya ci ƙasan unguwarmu, ba a yi dogon tunani ba wajen neman wanda zai tsara aikin taimako.

Ruwan ya sauko ne ranar Laraba bayan azahar, bai ɗauke ba sai da la'asar ta wuce. Ƙoramar da ke bayan unguwa ta cika ta haura, ta bi hanya ta shiga gidaje. Gidana na siminti ne, kuma a kan tudu yake, tabarmar ƙofa ce kawai ta jiƙe. Gidajen ƙasa da ke gangare su suka sha wuya. Katangu sun zube, ɗakuna sun zauna, awaki sun hau kan duk abin da ya rage a tsaye. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

A nan dole in faɗi abin da kowane yaron ƙauye ya sani, wanda ni da aka haifa a ɗakin ƙasa na manta bayan shekaru a cikin siminti. Ɗakin ƙasa in ya faɗi bai mutu ba. Muddin ƙasarsa na cikin gida, ɗakin na nan, kwance kawai yake. Mai shi zai jira damina ta wuce, ya zuba ruwa, ya kwaɓa, ya buga tubali, ya tayar da abinsa. A ƙasar Adar, inda in ka sara ƙasa sau uku biyu dutse za ka samu, ƙasar gini ba abin wasa ba ce. Talaka wanda ɗakinsa ya faɗi, wannan tarin ƙasar shi ne duk abin da yake da shi. Mu kuwa muka shiga gidan wani tsoho muka kwashe nasa a amalanke, yana zaune yana sa mana albarka.

Ga yadda abin ya bi.

Washegari bayan sallar asuba mai unguwa ya tsayar da mutane a ƙofar masallaci ya ce a yi gayya. Kowa ya amsa. Kafin rana ta yi zafi gayyar ta zama kwamiti, domin wani malamin lakkwal da ke haya a unguwar, wanda muke ce wa mushe, ya ce gayya ba ta shiga takarda. Ya ce in ana son manya su ji labarinmu, sai da shugaba, da mataimaki, da magatakarda, da mai ɗaukar hoto. Aka naɗa shi shugaba tunda shi ya kawo maganar. Ya tafi wani wuri ya dawo da riguna masu ruwan ɗorawa, irin marasa hannu masu walƙiya, guda goma sha biyu. Mu kuwa mun haura arba'in. Rabon rigunan nan ya ci mana rabin safiya. Samarin fada biyu, wato majalisun hira, da suka shekara ba sa shan shayi tare suka kusa dambe a kan riga ɗaya, alhali shebur na jingine a bango babu wanda ya yi jayayya a kansa.

Ni aka ba shugabancin aiki, wato wanda zai tsaya a rana. Na tara su na faɗa musu tsarin. A kowane gida mataki huɗu ne. Na farko, a fitar da ruwa. Na biyu, a ware kayan da za su moru a shanya. Na uku, a kwashe laka da duk wani tarkace. Na huɗu, a share. Gidaje kuma za a bi su daga ƙasan gangare zuwa sama, domin na ƙasa sun fi shan ruwa. Lakar da aka kwasa ba za a zubar da ita ko'ina ba, za a kai ta babbar hanya a cike ramin da ruwa ya haƙa a gaban shaguna. Da na faɗi wannan na ƙarshe har tafi aka yi mini. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Mushe ya karɓi tsarin duka, sai dai ya ce a fara da shaguna. Na ce shaguna ba su ne a ƙasan gangare ba. Ya ce haka ne, amma su ne a bakin hanya inda ake gani. Na yarda ba da son raina ba.

Babban shagon wurin na wani Alhaji ne mutumin Maraɗi, mai sayar da kwanon rufi da ƙusa. Ruwan da ya shiga shagonsa bai wuce idon sawu ba. Duk da haka mutum arba'in muka wuni a can da sauran shaguna uku na kusa. Alhaji ya saya mana ruwan leda, ya karɓi shebur ya riƙe, aka ɗauki hoto, ya mayar wa mai shi. Abin da ya fi damunsa shi ne ramin da ke gaban ƙofarsa, domin babbar mota ba ta iya matsowa ta sauke masa kaya. Da ya ji inda za a riƙa kai laka, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce irina ne ƙasa ke bukata.

Rana ta biyu muka sauka gangare. Gida na farko a layi shi ne na wani tsoho mai haƙar rijiya. Asalinsa mutumin wajen Tebaram ne, mahaifinsa ya zo da shi nan garin Tawa yana ƙarami. Rijiyoyin da ya haƙa a ƙauyukan arewa ba su ƙirguwa, har ƙarfinsa ya ƙare, idonsa ya rage gani. Matarsa ta rasu. Yana zaune da 'yarsa, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da yara uku. Ɗaki biyu ne a gidan, nasa da nata, kuma duka biyun sun faɗi. Ita ranar ruwan tana Affala wajen suna da yaran, hanya ta yanke, ba ta samu dawowa ba.

Da muka shiga na ga abin da ya burge ni. Tsohon nan shi kaɗai, da fartanya, ya zare azara daga cikin ɓaraguzan ya jingine su gefe. Ya tattara ƙasar ɗakunan biyu wuri guda a tsakar gida, tari har ya fi ƙirjina, ya kuma jera duwatsu kewaye da gindin tarin. Yanzu na san don kada wani ruwa ya zo ya wanke ta ne. A ranar abin da na ce a raina shi ne, wannan dattijo mai tsari ne, ya rage mana aiki, ya ma tara mana wuri ɗaya.

Amalanken jaki uku muke da su, biyu na taubashina ne, ɗan gwaggona. Tun muna yara bai taɓa faɗa mini magana ba tare da tsiya a ciki ba, ni ma haka. Ya tsayar da jakinsa a ƙofa, ya leƙo, ya dubi tarin, ya dube ni.

"Taubashi, wanga tudu fa, mi za a yi da shi?"

Na ce, "Mataki na uku."

"Ka tambayi mai shi?"

"Kai aka ɗauko ko jakinka? In jakin ne, to shi bai yi tambaya ba."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ɗakin mutum ne fa za ka sa in kai ma Alhaji. Sarkin layi, siminti ya toshe maka kai."

Wannan ita ce gaskiya tsirara, kuma a gaban mutane ya faɗe ta. Amma daga bakin taubashi ta fito. Wanda ya shekara hamsin yana ce maka kanka kamar tulu, ranar da ya ce gidanka na cin wuta sai ka gama shan furarka. Samari suka yi dariya, ni ma na mayar masa da cewa wanda ya wuni yana kallon wutsiyar jaki ba shi zai koya mini aiki ba. Shi kuma, tunda taubashi ne, bai sake maimaitawa ba. Ya gyara amalanke ya ce, "To, bismilla. Ni dai na faɗa."

Tsohon ya fito daga wata 'yar rumfa da ya kafa da zana. Ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya kawo ruwa a ƙwarya da goro 'yan ƙwaya a cikin tsumma, ban san inda ya samo su ba. Da ya ga samari sun nufi tarin da shebur, sai ya taka a hankali ya je ya hau ya zauna a kai.

Na ce, "Baba, sauko, laka ce, za ka ɓata riga."

Ya ce, "Ɗana, ku bar wagga. Ni zan yi da kaina."

To, duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san wannan magana. Mai gona kullum yana cewa ku bari haka nan, kun yi ƙoƙari, sauran ni zan ƙarasa. 'Yan gayya kuma su ce haba, ina amfaninmu. Haka ake yi, kunya ce, ba a ɗaukarta da gaske. Na ba shi amsar da ake bayarwa.

"Haba Baba, muna raye? Yau ko tsinke ba za ka ɗaga ba."

"Ku kama wani gidan, akwai waɗanda sunka fi ni bukata."

"Kai ne na ɗaya a layi, Baba. Ba a tsallake."

Ya sake buɗe baki, mushe ya riga shi. Ya ce wa samari su girmama tsufa. Mutum huɗu masu rigar walƙiya suka hau tarin, suka ɗauko tsohon cak kamar ango, suka kai shi inuwar itacen bedi suka shimfiɗa masa tabarma. Mai hoto ya ce a sake, bai kama da kyau ba. Ba a sake ba, domin na hana, kuma wannan kaɗai ne abin kirkin da na yi a gidan ranar.

Daidai lokacin mai unguwa ya shigo da dattawa biyu don ganin aiki. Tsohon ya dube su, ya dubi samari talatin da suka bar harkokinsu suka zo gidansa. Daga baya ne na gane lissafin da ya yi. Mutumin da ya kori gayya a gaban mai unguwa, wa zai zo ɗaukar makararsa? Sai ya zauna ya naɗe ƙafa. Amalanke na farko ya cika ya nufi ƙofa, ya ce, "Allah shi yi albarka." Na biyu ya fita, ya ce, "Allah shi biya." Haka ya yi ta yi, muryarsa na raguwa, ni kuwa ina tsaye a ƙofa ina ƙirgawa. Amalanke ashirin da uku.

Samarin sun yi aiki ranar, ba zan ci haƙƙinsu ba. Har waƙa suka yi. Da ƙasar ta ƙare suka kankare wurin da shebur, suka kwashe duwatsun ma, aka share tsakar gida tas kamar harabar masallaci ranar Juma'a. Mushe ya miƙa wa tsohon tsintsiya ya riƙe, muka jeru a bayansa, aka ɗauka. Ya ce wannan shi ne hoton "bayan aiki", akwai kuma na "kafin aiki" mai tarin ƙasa, duk wanda ya ga biyun zai san ba wasa muka zo yi ba.

Rana ta uku muna gida na huɗu a layi, ina tsaye ina nuna inda za a shanya tabarmi, sai na ji kabu-kabu ya tsaya a waje. Wata mata ta shigo, mayafinta a kafaɗa, goyo a baya, ba ta yi sallama ba.

"Wane ne babba a nan?"

Samari suka nuna mushe. Mushe ya nuna ni.

Ta ce, "Kawu, ina ɗakina?"

Na gane 'yar tsohon ce. Na ce mata ta yi haƙuri, ruwa ya rushe shi, ikon Allah ne.

"Na san ruwa ya kayar da shi. Ruwa ya kayar ya bar shi nan. Ina kunka kai shi?"

Na ce laka muka kwashe.

"Laka! Kawu, a gidan wa anka haife ka? A bene? Ruwa ya zo ya yi iyakar ƙoƙarinshi ya bar mana ƙasa, ku kunka zo da riguna kunka ƙarasa mishi aiki. Da mi zan tada ɗaki? Da hoto?"

Wani saurayi ya ce, "Ke, taimako fa munka yi."

Ta juya kansa. "Allah shi kai taimakon gidanku."

Babu wanda ya ce amin. Taubashina na zaune a kan amalanke a ƙofa yana cin goro. Gira kawai ya ɗaga mini. Da ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

Na bar aikin na tafi gidan tsohon. Yana zaune a tsakiyar filin da muka share, manyan yaran biyu na kewaye da shi. Wurin ya yi faɗi, ya yi tsabta, babu komai. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Na hau kanta na zauna, ɗana. Ban san wata faɗa da ta fi wannan ba."

Sannan ya ba ni labarin ƙasar, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin wata tsohuwar saniya. Mahaifinsa ne ya ɗebo ta a kan jaki daga wata fadama mai nisa, mangala bayan mangala, rani biyu. Ɗakunan sun taɓa faɗuwa sau biyu a rayuwarsa, sau biyun yana kwaɓa ta yana tayarwa. Kowace shekara ana ƙara mata ramno, wato dakakkiyar ciyawa, da kashin shanu wajen yaɓe. Ya ce ƙasa irin wannan ta nuna, ba ta tsagewa, sabuwa ba ta kama ƙafarta. Ya ƙare da cewa, "Amma kun yi ƙoƙari. An share da kyau."

Na tashi na nufi babbar hanya. A tsarina abin mai sauƙi ne: an kai, a dawo da ita.

Ramin gaban shagon Alhaji ya cike, ya yi daidai da hanya. Wata babbar mota na tsaye a kai ana sauke kwano. Na gaya wa Alhaji abin da ya faru, na ce za mu kwashe ƙasar mu mayar. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi.

"Malam, ni na roƙa? Ku kunka kawo. Kuma don Allah kunka yi, ko ba haka ba?"

Na ce don Allah muka yi.

"To abin da anka ba Allah ana zuwa a ce a maido? Ni ina jin tsoron in sa hannu cikin wannan."

Na ce ba nasa ba ne tsoron, tsohon ne ba shi da wurin kwana. Ya ce wallahi ya tausaya, kuma in tsohon ya tashi yin rufi, ya zo shagonsa, zai duba masa kwano mai kyau.

Aka kira taron kwamiti bayan la'asar. Mushe ya ce matsalar tana da wuya, domin ya riga ya aika hotuna, kuma wani babba daga ma'aikatar gari ya biyo ta hanyar jiya ya tsaya ya yaba, ya ce sauran unguwanni su yi koyi. In aka ga mutanen kwamiti da shebur suna haƙe hanyar da aka yaba, me za a ce? Magatakarda ya ce ƙasar da ta hau hanya ta zama ta hukuma, taɓa ta ɓarna ce. Wani ya kawo shawara a sa sunan tsohon a cikin masu karɓar tamfol da bokiti. Wani ya ce a rubuta masa takardar ban haƙuri, mushe ya ce zai iya bugawa a inji. Aka yi kusan awa ana gardama ko da Faransanci za a rubuta ko da Hausa, alhali tsohon ko alif ba ya gani yanzu.

Na miƙe na ce ni na ba da umarni, ni na ƙirga amalanken, kuma gobe da safe zan zo da shebur ko ni kaɗai, wanda zai kama ni ya zo da igiya. Mai unguwa ya ga abin zai zama rigima, sai ya yanke hukunci irin na masu unguwa, wanda kowa zai tashi da ɗan abu a hannu. Ƙasar da mota ta riga ta taka ta zauna, ta zama hanya. Wadda aka jibge a gefe ba a baje ba tukuna, a mayar wa mai ita. Alhaji ya ce ya yarda saboda girman mai unguwa, ya kuma roƙi a yi da sassafe kafin masu saye su fara zuwa.

Da safe na zo. Riguna goma sha biyu, ko ɗaya ban gani ba. Mai hoto ya aiko cewa wayarsa ba caji. Waɗanda suka zo su ne taubashina da jakunansa, da 'yar tsohon, da dattawa biyu abokan tsohon waɗanda da ƙyar suke ɗaga shebur, da samari uku da suka zo ba riga, Allah ya saka musu. Muka kwashe abin da ke gefe. Amalanke bakwai.

Ko bakwai ɗin ma ba ƙasar tsohon ba ce zalla. Ni da bakina na ce duk abin da aka kwaso daga kowane gida a zuba wuri guda. Don haka ta haɗu da sharar shaguna da ta gidaje uku: leda, fasassun kwalabe, tsumma, batir, takalmin roba ƙafa ɗaya, har da mataccen zakara. Muka juye a tsakar gidan da muka share shekaranjiya. Tsohon ya ɗebi ƙasar a hannu, ya murza, ya kai hanci.

Ya ce, "Akwai tawa a ciki."

Kwana tara ina zuwa bayan sallar asuba, ni da 'yarsa muna tsince ta da hannu, kwano bayan kwano. Ta daina yi mini faɗa a rana ta uku, ba don ta huce ba, sai don ta ga faɗan na rage mana sauri. Taubashina kan biyo da amalanke ya tsaya a ƙofa.

"Sarkin layi, yau mataki na nawa ake?"

"Wuce ka ba mutane wuri."

"A'a, ina son in koya ne. Ashe bayan na huɗu akwai na tsintar leda."

Amma shi ne ya ce zai ba da jakunansa kowace Juma'a a nemo sabuwar ƙasa, kuma bai karɓi komai ba sai dai wannan tsiyar da yake yi mini, wadda na biya har da ƙari. Wahalar ita ce samun ƙasar. Ramukan da ake ɗiba kusa da gari duk sun cika da ruwa, ba za su janye ba sai sanyi ya yi nisa. Muka je wani wuri ta hanyar Affala muka ɗebo. Tsohon ya jiƙa kaɗan, ya mulmula a tafin hannu, ya ajiye a rana. Kafin azahar ta tsage gida uku. Ya ce yashi ne, a zuba a bayan gida. Juma'a ta biyu muka kawo wata, ya ce wannan ta tsakuwa ce. Sai a ta uku ya ce to, wannan za ta yi rufi da daɓe, amma ba zai sa ta a bango ba.

Sauran damina suka yi ta a rumfar zana su biyar, da tamfol ɗin da kwamiti ya samo, wanda na yarda ya yi amfani. Duk ranar da hadari ya haɗu ina gidana na siminti, ba na iya zama. Sai in ɗauki laima in sauka gangare, in tsaya a ƙofa ba tare da na san abin da na zo yi ba. 'Yar takan ce, "Kawu, in ka zo kallo ne, shigo ka riƙe wannan gefen," in shiga in riƙe tamfol har ruwa ya ɗauke.

Bayan an yi girbi aka kwaɓa ƙasar. Tsohon ya zauna a gefe yana ba da umarni, ni ina cikin taɓo har gwiwa ina takawa, abin da rabona da shi tun ina saurayi. Aka buga tubali, aka shanya, aka jera. Ya bi su da hannu yana shafawa ɗaya ɗaya, ya auna fili da ƙafarsa, ya ce ɗaki ɗaya za su yi, shi ma sai an rage masa taku biyu. Babu wanda ya yi gardama. Magini ya zo, abokinsa ne, kwana shida aka kai rufi.

Ranar da daɓe ya bushe, 'yar ta ɗauko tabarmar mahaifinta da butarsa za ta kai ciki. Ya ce ta ajiye.

"Baba, sanyi ya shigo."

"Shi ya sa. Shiga da yaran."

"Kai fa?"

"Ni na kwana cikin rijiya, rumfa ba ta ba ni tsoro."

Ta yi kuka, ta yi rantsuwa, bai motsa ba. Ta juyo ta dube ni, ta kwashi kayan yaran ta shiga.

Mushe an yi masa canjin wurin aiki, na ji an ce takardar yabon da aka ba kwamiti ta taimaka masa. Rigunan suna nan, ina ganin su jikin 'yan kabu-kabu. Hanyar gaban shagon Alhaji ta yi ƙarfi fiye da ko'ina a unguwar, damina biyu ke nan ba ta zaizaye ba, har mutane na tambaya wane kamfani ya yi ta.

Tsohon yana rumfarsa har yanzu. Ɗaki na biyu ba a tayar ba. Duk inda aka rushe wata tsohuwar katanga a gari za a yi ta siminti, nakan je in roƙi ƙasar, taubashina ya ɗauko, tsohon ya murza ya shinshina, wata ya karɓa, wata ya ce a mayar. Wadda ya karɓa yana tara ta a kusurwar gida, ya rufe da tsohuwar tabarma. Jiya na leƙa, na tsaya kusa da tarin na gwada. Ya kai gwiwata.